Ɗalibanmu sun iya salula, kwamfuta ta gagare su: daga ina matsalar take?

Sani_Lazare:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da magana, na kuma san za ta yi wa wasu zafi. Inda nake aiki nan Yamai mun nemi matasa masu lisansi, wato digirin farko na jami'a, da za su tattaro mana bayanai a karkara. Gwajin da muka yi musu ba wani abin a zo a gani ba ne: ga sunayen garuruwa da yawan gidaje a takarda, ka shigar da su Excel, ka haɗa jimilla, ka turo ta imel. Wallahi a nan mafi yawansu suka maƙale. Wani ya ɗauki hoton fuskar kwamfutar da salularsa, ya ce a ba shi lambar WhatsApp ya turo. Wata ta yi lissafin a waya sannan ta rubuta amsar cikin akwatin da hannunta. Kuma yaran nan ba daƙiƙai ba ne, in kuka taɓa hira kan fanninsu za ka ji sun yi karatu. To mene ne? Rashin kayan aiki, ko rashin koyarwa, ko su ne ba su damu ba? Ni dai na fi zargin na ukun. Mai kuɗin forfe, wato megar intanet, na kallon TikTok har asuba ba zai rasa na koyon Excel a YouTube ba.

Rabi227:
Yaya Sani, da girmanka, amma ka yi mana rashin adalci. Excel ba a koyonsa da kallo. In ka kalli bidiyo ɗari ba ka da inda za ka danna, gobe ka manta. Ni sai da na shiga shekara ta biyu a jami'a na fara zama gaban kwamfuta, ita ma ta ƙawata ce, ana jiran in tashi a ba wata. Daga firamare har na ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, ban taɓa ganin ɗakin kwamfuta a buɗe ba.

Abdou_Yantala:
Gaskiyarki Rabi. Wanda ya yi lise mai zaman kanta a Plateau da wanda ya fito daga koleji na ƙauye ana zuba su anfi ɗaya, babban zauren darasi na jami'a, ana ce musu ku kawo ekspoze a buge. Ba tare suka fara ba.

MaiSiber_Harobanda:
Bari in sa baki, domin ni a kan wannan matsalar nake cin abinci. Shagona sunansa siber ne har yau, amma rabon da wani ya shigo ya ce a ba shi awa guda ya shiga intanet na manta. Kowa intanet ɗinsa na aljihunsa. Aikinmu yanzu bugu ne, da fotokofi, da ɗinke memuwar, wato kundin binciken kammala karatu.

Abin da nake gani kullum: ɗalibi ya zo da memuwar ɗinsa rubuce a kaye, ko hotunan shafukan a waya, ya ce a buga. Mai dama-dama ya buga da kansa, amma in ka buɗe sai ka riƙe baki. Teburin abin da ke ciki da hannu ya jera shi, yana danna ɗigo ɗaya bayan ɗaya har ya kai lambar shafi. Malaminsa ya ce ya ƙara sakin layi biyu a babi na farko, shi ke nan duk lambobin sun goce, ya kwana yana gyara. Alhali in ya sa wa kanun babinsa Titre 1 da Titre 2, Word da kansa zai jera teburin ya kuma sabunta shi. Wannan ba ya buƙatar reso ko forfe, mutum ɗaya kawai yake buƙata da zai nuna masa na minti goma.

Sai maganar kle, ƴar ma'ajiyar nan ta USB. Kle ɗaya ce ke yawo daga wannan shago zuwa wancan, ta kwaso ƙwayar cuta, fayiloli su koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Na ga babban namiji yana hawaye a shagona saura kwanaki kaɗan ya kare memuwar, kuma ba shi da kwafi ko'ina. Yana da Gmail a wayarsa, bai san akwai Drive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, mai jiga 15 kyauta a cikinta ba. Yaron kanti ne ya buɗe masa adireshin ranar da ya sayi wayar, ko kalmar sirrin bai riƙe ba.

Saboda haka Malam Sani, ban ce ba ka da gaskiya ba sam. Amma yawancinsu ba ƙi suka yi ba, ba su ma san akwai abin ba.

Ɗan_Adar:
Ku ƴan Yamai kuna maganar Word da Excel, mu nan Tawa wuta munka fi kuka da ita. In bazara ta kama, watan huɗu da na biyar, ka aje ordi ɗinka, wato kwamfuta, kana jiran kuran, wutar lantarki, in ta zo kowa ya ruga wurin soket. Kuma galibin ordin da ɗalibai ka saye tsohuwa ce, batir ya mutu, in an ɗauke wuta ita ma ta mutu nan take da aikinka ciki. Mi za ka koya hakanan?

Injiniya_Moussa:
Ɗan_Adar ya taɓo gindin abin. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, kuma birane ne suka kwashe mafi yawa. Ku tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin wannan layin shi ke ɗauke da kaso mafi tsoka na wutar da muke sha, sai a watan Maris na 2024 aka maido shi. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai zafi, a jihar Tawa kuma akwai ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, amma buƙata ta fi su yawa.

Intanet ma haka. Ba mu da teku, saboda haka duk abin da ka buɗe a wayarka sai ya bi ta wayoyin fiba da suka ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai igiyoyin ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyi huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mu da ba mu taɓa ganin tekun ba mun ji a jikinmu. Kuma tsawon hanyar nan na cikin abin da ke sa mega tsada. Ko Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, duk ta waje ake fita.

DanKonni:
Injiniya, ai ba mutanen Najeriya suka yanke ba, takunkumin CEDEAO ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Mu a Konni ƴan uwanmu na Illela sun sha wahalar rufe iyakar nan kamar mu. Kuma kafin wannan ai a 2021 bayan zaɓe an rufe intanet na waya kwana goma, ba daga waje aka rufe ba.

Injiniya_Moussa:
DanKonni, ban ce talakan Sakkwato ne ya kashe makunnin ba. Abin da nake nufi shi ne ɗalibin da ya yi shekarar memuwar ɗinsa a wannan tsakanin, a duhu ya yi ta.

Admin_Halidou:
Jama'a a yi haƙuri, mu bar siyasa a bakin ƙofa. Maganar ɗalibai ake yi.

Malama_Zeinabou:
Ina koyarwa a wata jami'a, ba zan faɗi wacce ba. Darasin informatik yana cikin tsarin karatun shekarar farko, ba a manta da shi ba. Amma ku zo ku ga yadda ake yinsa. Ɗalibai sun cika anfi har kan matakala, malami na zana linzamin kwamfuta a allo da alli, yana bayanin bambancin RAM da ROM. Su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci 15 bisa 20, ba wanda ya taɓa madanni. Ɗakin kwamfutar da ake da shi ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma nasu ba, wasu injinan kuma ƙura ta gama da su.

Kafin 2010 jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar nan, ta Yamai. A 2010 aka yi na Maradi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Buɗe su alheri ne, yaron Abalak ko Keita ba sai ya zo Yamai ba. Amma yawan ɗalibai ya yi gudun da kayan aiki ba su bi shi ba.

Duk da haka ba zan wanke ɗalibai tas ba. Da can daga Mémoire Online, shafin intanet mai tara memuwar, ake kwaso babi guda a liƙa, har da sunan garin wata ƙasa a ciki ba a canza ba. Yanzu ChatGPT ne. A kawo maka rubutu sumul, Faransanci ba tuntuɓe, ga jerin littattafai a ƙarshe. Ka nemi littafin ka rasa, domin na'urar ce ta ƙirƙiro shi da sunan marubucin da shekarar. Ka tambayi ɗalibin ma'anar jimlar da ya rubuta, ya tsaya yana kallonka. Wanda ya iya nemo ChatGPT ai zai iya nemo Google Scholar. Persée da HAL, rumbunan rubuce-rubucen masana a intanet, kyauta ne. Akwai Research4Life da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe irin tamu dubban mujallun kimiyya ba da ko dala ba, Hinari na fannin lafiya, AGORA na noma. Wa ya taɓa shiga ɗakin karatu ya tambaya?

Rabi227:
Malama, Allah ya ƙara girma. Wallahi yau na fara jin sunan Research4Life, kuma ina shekarar ƙarshe. To wa ya kamata ya gaya mana? Sannan a yi mana afuwa, cikin malamai ma akwai waɗanda darasinsu hoton tsohuwar takarda ce a karkace, delege ya turo a gurup, megarka ta ƙare kafin ta buɗe. Wani in ka tura masa aiki ta imel sai ya ce ka bugo masa a takarda, shafi tamanin, duk gyara sabon bugu.

Malama_Zeinabou:
Ƴata, ban musa ba. Mu ma akwai masu buƙatar a zaunar da su.

Hadiza_Koira:
Ba wanda ya yi maganar mata. A gida in an samu kwamfuta ɗaya, ta yaya namiji ce, ke sai in ya gama. Wifi in akwai shi a makaranta, da dare yake sauri lokacin da mutane suka ragu, su maza su zauna gindin bango har sha biyu. Ni in magariba ta yi ban tsallako gadar Kennedy ba, Baba ya fara kira. Kuma ki je wurin mai gyara da wayarki ko ordinki, sai kin yi ta fargabar hotunanki. Ƙawayena da yawa sun gwammace abin ya lalace a ɗaki.

Ibro_Dev:
Ni ban yarda sai da kwamfuta ba. Wayar Tecno ko Infinix da ke hannun ɗalibi ta fi kwamfutar da yayyenmu suka yi dokta da ita ƙarfi. Sayi ƴar igiyar OTG da madanni na USB, ko mai Bluetooth, ka jingina wayar da littafi, ka sa WPS Office ko Google Docs. Za ka buga ekspoze, za ka yi tebur, za ka fitar da PDF. Kiwix na ba ka Wikipedia ba tare da reso ba, in mutum ɗaya ya sauke sai ya raba wa sauran ta Xender. Shi kansa aikin da Yaya Sani ke magana, ai da KoboCollect, manhajar tattara bayanai, ake yinsa a waya, yana aiki ko babu reso, in ka dawo gari ka tura. Me ya sa za a gwada su da abin da ba shi za su riƙe a daji ba?

Sani_Lazare:
Ibro, cika fom a Kobo ko wanda ya tsaya a brebe, takardar gama koleji, zai yi, kwana ɗaya ake koya masa. Mai lisansi muna so ne ya zama wanda in bayanan sun dawo zai tace su, ya ga inda aka maimaita gida ɗaya sau biyu, ya fitar da tebur, ya rubuta rahoto. Wannan ba a yinsa a fuskar waya, layi dubu uku ne. In ba haka ba har abada su ne masu yawo a rana, mai nazarin kuma a ɗauko shi daga Dakar ko Wagadugu a biya shi ninkin ba ninkin.

Ibro_Dev:
Na ji wannan. Amma a fara da abin da ke hannu kafin a samu na nesa. Saurin bugu da tsara takarda duk ana iya koyonsu a yadda na faɗa.

Tsohon_Etidiyan:
Ƴaƴana, ku bar ni in yi dariya kaɗan. Mu a zamaninmu memuwar a keken rubutu ake buga ta, in sakatariya ta yi kuskure a layin ƙarshe a sake shafin gaba ɗaya. Littafi ɗaya a ɗakin karatu, mu arba'in muna layi. Da siber ta zo Yamai, mutum zai biya awa guda, rabinta ya ƙare yana jiran shafin Yahoo ya buɗe. Amma ga abin da na lura: wanda ya shiga siber a lokacin, dole ya zauna gaban madanni, ya koyi buɗe fayil, ya koyi liƙa takarda a imel. Salula ta zo ta ɗauke wannan dolen. Ƙannenku sun tsallake kwamfuta ba su taka ta ba, kuma da saƙon murya ko rubutun ma an huta.

Wani abu kuma. Jami'ar Yamai sunan Abdou Moumouni Dioffo take ɗauke da shi tun 1992, masanin da ya ƙare rayuwarsa kan binciken makamashin rana, ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa. A ƙasar da ta haifi wannan mutum, ɗakin karatun kowace jami'a ya cancanci faranti a rufinsa da soket a kowane tebur. Ba sai an jira wutar madatsar ruwan Kandaji ba.

Ɗan_Adar:
Baba, Allah shi ja da rai. Wanga zance na soket shi ne. Ko ba intanet, a samu wuri mai wuta da panka da tebur, ɗalibai za su cika shi.

Nasser_Talladje:
To Starlink fa, intanet ɗin tauraron ɗan Adam? Tun 2025 ya fara aiki a ƙasar nan da izinin hukuma. A unguwarmu wani ya sa, yana sayar da tikitin wifi, matasa na zama ƙofar gidansa har dare. Ɗalibai goma da ke haya gida ɗaya ba za su iya haɗa kuɗi su sa ba?

Injiniya_Moussa:
Za su iya in suna da kuɗin na'urar a dunƙule da na wata-wata, kuma ita ma wuta take ci. Ɗalibin da ke jiran bursi wata da watanni, in ta zo bashin mai shago da na haya sun riga sun cinye ta, ban ga ta inda zai fara ba. Ga makarantu da ɗakunan karatu dai yana da amfani, musamman nesa da fiba. Akwai kuma shirin ƙauyuka masu wayo na ANSI, hukumar fasahar sadarwa ta gwamnati, da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 100 a 2020 don kai reso karkara. Sai dai ku lura, duk waɗannan hanya suke kawowa. Hanya ba ta koya wa kowa Excel.

Mariama_Tawa:
Mu abin da munka yi a ajinmu adashi ne. Mu shida, duk wadda ta ɗauka ordi za ta saya, ba zane ba, ba biki ba. Kafin zagayen ya ƙare waɗanda sunka samu suna ba sauran aro. Wadda ta fi mu iyawa, ɗiyar wani ma'aikaci ce, ita ta koya muna Word da PowerPoint ranakun Lahadi. Yanzu ni ke buga ma wasu ana biyana.

Abdou_Yantala:
Masha Allah. Wace iri ya kamata mutum ya nema? Ina tsoron a sayar mini da gawa.

MaiSiber_Harobanda:
Abdou, tsofaffin na ofis da ake kawowa daga waje sun fi sababbi masu arha ƙarko: ThinkPad, Dell Latitude, HP EliteBook. Nemi Core i5, RAM jiga 8, kuma lallai SSD, kada ka yarda da tsohon faifai mai juyawa. Kafin ka biya, ka cire caja a gaban mai shagon ka zauna rabin awa ka ga yadda batirin ke sauka. Danna kowane harafi. Duba madannin ma: waɗanda ke shigowa ta Najeriya ko Dubai galibi QWERTY ne, kai kuma Faransanci za ka rubuta da é da ç, AZERTY zai fi maka sauƙi, ko da yake ana iya sauya shi daga ciki a saba. Ka tafi da wanda ya sani, kada ka je kai kaɗai. In da hali ka haɗa da ƴar na'urar kare hawan wuta, dawowar kuran ke ƙona caja.

Sani_Lazare:
Na karanta duka. Maganar Hadiza da ta Ɗan_Adar sun shige ni. Amma ku dubi Mariama: wuta ɗaya, bursi ɗaya, gari ma ba Yamai ba, ta iya. Ke nan akwai rabon da ke wuyan ɗalibi. Ranar neman aiki ba wanda zai tambaye ka ko anfinku na da soket.

Rabi227:
Yaya Sani, Mariama ta iya ne domin Allah ya haɗa ta da wadda ta girma da kwamfuta a gida. In babu irin wannan a ajinku fa? Abin da ya kamata makaranta ta ba kowa bai kamata ya koma sa'a ba. Ku masu ɗaukar aiki ma, me zai hana ku karɓi ƴan staj ku koya musu, maimakon ku jira a kawo muku dafaffe?

Malama_Zeinabou:
Ni da za a ji tawa, a daina ba da makin informatik a takarda. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowa ya zauna gaban na'ura ya tsara shafi biyar, ya yi tebur, ya tura imel mai ɗauke da fayil, sannan a ba shi maki. Ƴan mastar su kula da rukunan a ba su ɗan alawus. Na kai wannan shawara taro, aka tambaye ni injinan da za a yi da su.

Hadiza_Koira:
In za a yi, a sa da rana don Allah.

Nasser_Talladje:
MaiSiber, tunda kana nan: a Word, yaya ake sa shafukan farko na memuwar su ɗauki i, ii, iii, sannan gabatarwa ta fara daga 1? Jibi zan ajiye.

MaiSiber_Harobanda:
Sa linzami a ƙarshen shafin da ke gaban gabatarwa, shiga Mise en page, Sauts de page, zaɓi Saut de section, Page suivante. Sauka ƙasan shafin gabatarwar ka danna sau biyu, ka kashe Lier au précédent. Daga nan Format des numéros de page, ka ce ya fara daga 1. Koma sashen farko ka zaɓa masa i, ii, iii. In ka gama ka fitar da PDF kafin ka kai bugu, in ba haka ba injin mai shagon zai watsa maka tsarin. Kuma ka tura wa kanka kwafi ta imel yau, ba gobe ba.